Sunan da Delu Ba Ta Kira

Sai da aka gama sussukar hatsi, rumbuna suka rufe baki, sannan ya iso Filinge. Delu tana tsakar gida tana tsince zogalar da za ta dafa ta yi kopto, kwaɗon da take sayarwa ke nan a bakin kasuwa tun rasuwar mijinta, sai ta ji sallama daga zaure. Ba ta saba da muryar ba, amma ƙirjinta ya riga kunnenta ganewa. Ta ɗaga kai ta hango dogon mutum a tsaye, ƙafafunsa sun yi futu-futu, da ƙullin kaya a kafaɗa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bar zogalar nan ƙasa kaji suna leƙe, ta shige ɗaki. Ƴarta Safi ce ta fita ta amsa sallamar, ta kai masa ruwa.

Sahabi ne, ɗan farinta. Wanda bai san ƙasar nan ta Kurfai ba zai ce ƙiyayya ce ta sa uwa ta guje wa ɗanta, alhali kunya ce, irin wadda ta tarar uwarta tana yi, ita ma ta ɗauka kamar yadda ake ɗaukar tsagen fuska. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a zama a yi hira da shi. Ana yaye shi aka kai wa uwarta da yayanta Magagi a wata tunga can bayan Sanam, ya tashi yana ce mata Yaya kamar yadda ya ji ƴan gidan suna faɗi. Ubansa ya rasu yana rarrafe. Ita kuwa ta sake aure a Filinge, ta haifi Safi, ta binne miji na biyu, a duk shekarun nan bakinta bai taɓa furta sunan yaron ba. In ta kama dole takan ce mutumin Sanam. Ko wa'azi take maimaitawa, in ta zo kan sahabban Annabi sai ta ce abokan Manzo. Shi ya sa mutanen unguwar suka ɗauka Safi kaɗai ta haifa, ban da ƙawarta Mariama, wadda suka yi ƴammatanci tare a ƙasar Sanam.

A shekarar da soji suka karɓi mulki a Yamai, mutanen daji masu bindiga suka matsa wa tungar lamba. Da farko zakka suka ce, suka ƙirga shanu suka ɗiba. Daga baya suka rufe lakwal, makarantar boko. Ranar da Magagi ya ce ba ya ƙara ba da ko ɗan maraƙi, suka kashe shi a bakin rijiya, suka ce kowa ya tashi. Mutane suka watse hatsi yana tsaye a gona, wasu Abala, wasu Sanam, wasu suka gangaro Filinge. Duk wanda ya iso Delu ta je ta tambaye shi ina mutanen gidanmu, tana ɓoye mutum ɗaya a cikin jam'i. Suka ce tsohuwarta dai ta rasu tun kafin tashin hankalin, Magagi sai addu'a, saurayin gidan kuwa ba wanda ya gan shi ranar da aka taso.

Ga shi yanzu a zaurenta. Ta yi kuka a ɗaki na murna har ta jiƙe bakin zane, amma tun hawayen bai bushe ba wata tambaya ta zo ta zauna mata a rai. Tsakanin hatsi yana tsaye da hatsi yana rumbu akwai kwanaki masu yawa, kuma mutum ba ya kwana a iska. Ina ya zauna?

Da wata uwar ce da ɗanta na tsakiya, da ta ja kunnensa ta tambaya. Delu ba ta da wannan hanya. Ta bayan dangar kara take leƙensa, kamar ɓarauniya a gidan kanta. Ta ga wandonsa bai kai idon sawu ba. Ta ga yana kama hannu a ƙirji in yana salla, alhali gidansu kaf sakin hannu suke yi. Ta ce wa ranta wannan ba komi, rabin samarin Filinge haka suke yanzu. Wata safiya ya tuɓe riga zai wanke, ta ga wata baƙar kanta ta ratso kafaɗarsa ta dama, irin wadda igiya kan bari in an daɗe ana rataya abu mai nauyi. Ta ce wa ranta gora ce ta makiyayi. Amma gora nawa ce nauyinta? In kuwa ƙarar inji ta taso daga nesa, ba ya firgita kamar sauran waɗanda suka gudo; yakan karkata kai ne kawai ya saurara, kamar mai son ya gane muryar wani da ya sani.

Ta tura Safi ta bi da shi ta hira. Safi ta dawo ta ce ya yi dariya, ya ce daji yake, daji kuwa ba shi da unguwanni balle ya faɗi sunan tasa.

A ƙofar gidan mai unguwa Alhassan akwai rumfa, nan ake koya wa mata karatu bayan azahar. Mai koyarwar malamin lakwal ne da bai daɗe da zuwa unguwar ba, Mushe Lawali, kamar yadda ake ce wa malami da Faransanci. An ƙone makarantarsa a wani gari na arewa, ya tsira a cikin rumbun wata tsohuwa, abokin aikinsa bai tsira ba. Tun daga nan ba ya zama inda bayansa ke kallon hanya. Delu tana cikin ɗalibansa, don ta gaji da roƙon yara su nemo mata suna a cikin salula. In mata sun tashi, maza kan maye rumfar da butar shayi, ita kuma ta koma gefe da tasar koptonta, tana sayarwa tana jin abin da ake faɗi.

Musun da ake yi a rumfar guda ne, kullum sai dai ya canza riga. Mushe Lawali yana cewa jahilci ne ya tara wa mutanen daji mayaƙa. Wanda bai iya karanta wa kansa ba, in ji shi, duk wanda ya karanta masa ya zama ubangidansa, ko da bindiga ce a ɗaya hannun. Kuma kalmar farko da ta sauko wa Annabi umarni ce a yi karatu, don haka mai ƙona makaranta ya fara saɓo tun daga baƙin farko. Malam Albarka, limamin unguwar, tsoho mai son tsokana wanda ke kiran Mushe ɗan alli, yakan ce ya yarda da rabi. Karatun da aka ce, da sunan Ubangiji aka ce a yi shi. Lakwal ɗinku kuwa tana fitar da yara da takarda a hannu, ba aiki, ba gona, ba tsoron Allah, irin su ne ake saye da babur guda. Ya ƙara da cewa kakanninmu na Kurfai ko alif ba su sani ba, wasunsu ma bori suke yi, amma ba a taɓa jin sun yanka maƙwabci don ya saki hannu a salla ba. Nan sai a yi dariya, a zuba shayi na biyu.

Ran nan Sahabi yana zaune a bakin tabarma. Bai taɓa sa baki ba, sai ranar.

"Ku gahwarce ni, iyayena," ya ce, "ku duka biyu kuna maganar mutanen da ba ku zauna da su ba. Cikinsu akwai wanda ya yi lakwal hal lise, babbar sakandare, shina Hwaransanci kamar Mushe. Akwai wanda ya hardace Alƙur'ani, in shina ja sai ka yi hawaye. Ba rashin karatu na ba."

Mushe ya ajiye kofinsa a hankali. "Kai ina ka ji karatunsu?"

Sahabi ya ce a masallacin tungarsu suke wa'azi ran Juma'a, bindigogi jingine da bango, kowa ya ji, ba shi kaɗai ba. Malam Albarka, da son jin ƙwaƙwaf irin na malamai, ya ce to me suke cewa, da wace hujja. Sahabi ya fara faɗi. Abin da ya tsorata Delu ba maganar ba ce, muryar ce. Ta sauya, ta yi kauri, tana hawa tana sauka da wani irin kari da ba na Kurfai ba, aya na bin aya ba tuntuɓe, kamar wanda ya sha faɗin abin, ba wanda ya ji sau ɗaya daga sahun baya ba.

A daidai nan Delu ta ɗaga ido ta ga Mariama tana kallonta daga ƙofar gida, sai ta farga da abin da take yi: ta saki baki a bainar jama'a tana sauraron ɗan farinta. Kunya ta rufe ta kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta rufe tasa, ta ɗora a ka, ta tafi gida ba ta sayar da rabi ba.

Sauran maganar a bakin mutane ta ji ta, kuma baki biyu ba su zo ɗaya ba. Safi, wadda ta jiyo daga wajen masu ɗiban ruwa, ta ce ai da ya gama kawo hujjojin nasu sai ya bi su ɗaya ɗaya ya warware. Ya ce bai taɓa jin inda Manzo ya karɓi zakkar mutum sannan ya kore shi daga gonarsa ba, ya ce karatun da ba tausayi a cikinsa wuƙa ce aka wasa, ko a allo aka wasa ta ko a lakwal. Har liman ya ce madalla. Mariama kuwa ta ce haka ne, ya faɗi wannan, amma sai bayan da ya duba ya ga fuskoki sun canza. Ta ce kashin farko da zafinsa ya fito, na biyun kuwa kamar tuwon jiya. Delu ta rasa wanda za ta kama. Da ta zauna, da kunnenta ya raba mata gardama, ga shi ƙafarta ta ɗauke ta daga wurin a kan gaɓa.

Daga ranar unguwar ta canza mata. Matan da ke matsowa kusa da ita a rumfa don su kwafi baƙaƙenta suka koma ɗaya gefen. In ta doso rijiya hira ta mutu, a shiga gaishe ta da ladabin da ya wuce kima. Masu sayen kopto suka ragu. Ta fara zargin kowa: mai shagon da ya tambaye ta ko baƙon nata yana da salula, yarinyar da ta shigo aron turmi tana waige-waige, har Mariama da ke yawan zuwa ba dalili. Ana cewa zato zunubi, amma a shekarun nan wanda bai yi zato ba shi ake wa zaman makoki.

Wata rana bayan darasi Mushe Lawali ya tsayar da ita, ya bari sai da mata suka yi nisa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Inna Delu, wanga baƙo na zaurenki, mi ya haɗa ku?"

Ta dubi ƙasa. Amsar tana nan a bakinta, gajera, amma harshenta ya ƙi ɗaukarta kamar yadda hannu kan ƙi ɗaukar garwashi.

"Ɗan gidan yayana na," ta ce.

Ba ƙarya ta yi ba, a gidan yayanta ya girma. Duk wata tsohuwar Kurfai da ta ji wannan amsa, ta ga yadda aka sunkuyar da kai, da ta gane sauran. Amma Mushe namiji ne, baƙo a unguwar, kuma tsoro ya cinye masa irin wannan lura. Ya tambaya ko yayan nata yana raye, ta ce an kashe shi. Ya ce su wa, ta faɗa. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce to an kashe mai gida, an kori gari, an bar saurayi guda da ransa har bayan kaka. Ya ce shi ba ya ce komi ba, amma a garin da ya baro ma wani ɗan gari ne ya nuna gidan malamai, wanda suke shan shayi tare.

Ta kwana biyu tana juya maganar. Ta yi niyyar ta aika Mariama ta gaya masa gaskiya, sai ta tuna in ta ce ɗanta ne, tambaya ta gaba ita ce ina ya zauna, ita kuwa ba ta sani ba.

Ana haka aka tare wata motar ƴan kasuwa a hanyar arewa, aka kashe direba. Ranar kasuwar da ta biyo baya, tun hantsi masu kaki suka tsaya a mashigar kasuwa suna duba katin ɗan ƙasa. Duk namijin da ba shi da shi a ware shi gefe, a zaunar a gindin wani gawo kusa da babbar motarsu. Dokar da suka sa mai sauƙi ce: wanda mai unguwarsa ya san shi, uwa ko uba ya zo ya tsaya masa, a sake shi, wanda ya rage bayan azahar a tafi da shi Yamai a bincika. Kowa kuwa ya san wanda aka tafi da shi, labarinsa kan daɗe bai dawo ba.

Delu tana zuba wa wata mata kopto a leda Mariama ta zo ta tsuguna kusa da ita, ta ce a hankali mutumin Sanam yana gindin gawo. Katinsa ya ɓace a tashin tungar, in ji shi. Ta ce an tambaye shi iyayensa, ya ce ubansa ya rasu, uwarsa tana raye amma ba zai nuna ta ba, kada a fito da ita tsakar kasuwa saboda shi. Wannan amsar ta sa shugaban masu kakin ya ce a matsar da shi kusa da mota.

Ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta ratsa layin masu tattasai da na masu tabarmi, mayafinta na jan ƙasa. A gindin gawon mutane sun ragu, ana ta zuwa ana fansar na fansa. Ta hango shi zaune a ƙasa, gwiwoyi a haɗe, kansa a sunkuye. Mai unguwa Alhassan yana gefe yana share gumi, Mushe Lawali yana tsaye hannuwa a harɗe, Malam Albarka ma an kira shi. Shugaban, wanda suke ce wa ajidan, mutum ne mai furfura a gemu, Hausarsa ta gabas, idanunsa ja don rashin barci. Bai yi kama da mugu ba, ya yi kama da wanda aka sha yi wa ƙarya.

Mai unguwa ya riga ya ce shi dai ya san baƙo ne a gidan Delu, iyakar saninsa ke nan. Liman ya ce yaron yana da karatu, kuma ya ji ya kushe mutanen daji da bakinsa, amma zuciya Allah kaɗai ya san ta. Mushe ya faɗi abin da ya ji a rumfa, farko da ƙarshe, bai rage ba bai ƙara ba, ya kuma ce matar gidan da kanta ta gaya masa ɗan gidan yayanta ne, yayan kuwa ya mutu.

Ajidan ya juyo gare ta. Ya ce ɗan ɗan'uwa ba ya isa, shi uwa ko uba ya ce. Ya ce kuma ta sani, duk wanda ya tsaya wa mutum ya jinginar da kansa ne; in gobe aka same shi da hannu a wani abu, tare za a kwashe su.

Delu ta ji kasuwar duka ta taru a bayan wuyanta. Ba kunya kaɗai ke riƙe da ita ba, da ita kaɗai ce da sauƙi. In ta tsaya masa alhali shi ne idon mutanen daji a unguwar, jinin wanda za a kashe gobe yana wuyanta, wataƙila na Mushe, wataƙila na mai unguwa. In ta yi shiru alhali ba shi da laifi, ta ba da ɗanta sau biyu ke nan, na farko ga al'ada, na biyu ga mota.

Ta roƙi ajidan ya bar ta ta yi magana da shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ja baya kaɗan.

Ta je ta durƙusa a gabansa, kusa har tana jin warin ƙurar rigarsa. Tun ranar da aka ɗauke shi daga bayanta ba ta matso shi haka ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan yatsun ƙafarsa.

"Ina ka zamna, tun tashin tunga?"

Ya ɗago a firgice, don bai taɓa jin muryarta ta nufo shi kai tsaye ba. "Yaya, ki tashi, mutane na kallo."

"Na ga mutane. Ina ka zamna?"

"Sun tsai da ni in kora musu shanun da sunka amsa. Namu na ciki. Na kai su arewa. Na ci tuwonsu, na yi salla bayansu, na ji wa'azinsu sahe da marece har na iya shi. Da na samu hanya na gudo."

"Kahwaɗarka hwa?"

"Sun ba ni, na rataya. Na ga abin da anka yi ma wanda ya ƙiya."

"Ka harba?"

Ya yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, bai fi a ja numfashi a sauke ba, amma Delu ta ji shi ya shige ta kamar ƙaya.

"Sama," ya ce. "Ranar da anka ce kowa shi harba."

Ta zauna a kan dugaduganta. Ta so a ce amsar ta wanke shi tas ko ta kama shi dumu-dumu, ta huta. Sai ga ta tsaka-tsaki, irin amsar da mai gaskiya zai bayar, irin wadda maƙaryaci mai wayo ma zai bayar. Ta tuna da bai so ba, da bai ambaci bindigar ba. Ta kuma tuna shirun. Direban motar masu kaki ya tayar da inji don ya ɗumama, ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin gwiwarta.

Ta miƙe. Ta sauke mayafin daga fuskarta zuwa kafaɗa, ta fuskanci ajidan, ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji, don ta san in ta yi a hankali ba za ta iya maimaitawa ba.

"Sunanshi Sahabi. Ɗana na. Ni na haihe shi, shi na ɗan hwarina."

Sunan ya fito mata baƙo, da kaushi, kamar ta tauna tsakuwa. Mariama ta kai hannu ta rufe baki. Wata tsohuwa mai fura da ke kusa ta kau da kai tana salati, wata ta ja mayafi ta rufe tata fuskar, kamar ita aka tuɓe. Sahabi ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

Ajidan bai dubi Delu ba, tsofaffin matan ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya fito, ya san abin da mace irin wannan ta biya kafin ta faɗi haka a kasuwa, ya san ba a yin sa don ɗan wani. Mushe Lawali ya saki hannuwansa.

"Na yarda ɗanki ne," in ji ajidan. "Me ya gaya miki yanzu?"

"Kiwo ya tsai da shi," ta ce.

Ta ji rabin da ta bari ya yi mata nauyi a ciki kamar dutsen niƙa. Ajidan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ya sake shi a hannunta. Ba zai bar Filinge ba, zai kwana inda take kwana, duk ranar kasuwa zai zo ya nuna fuskarsa, kuma mai unguwa ya kai shi a yi masa sabon kati. Ya ce mata kada ta manta da abin da ya faɗa game da jingina. Ta ce ba ta manta ba.

Da za su wuce, Mushe ya matso ya ce ta yafe masa, bai san ɗanta ba ne. Ta ce ba komi, ita ta ɓoye. Ya rage murya ya ce amma kiwon wa, Inna Delu? Ta wuce abinta, sai dai ta ji idonsa a bayanta har suka sha kwana.

Ba ta koma kan tasarta ba, Mariama ta ce za ta kawo mata. Ta kama hanyar gida tana gaba yana biye, mutane suna darewa suna ba su hanya, ba mai gaishe su. A zaure ya tsaya kamar yadda ya saba, ta ce ya shigo. Ta aiki Safi gidan maƙwabta, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta nuna masa gefe ɗaya, ta zauna a ɗaya gefen suna fuskantar juna.

"Hwaro daga ranar da sunka kashe Magagi," ta ce. "Kak ka tsallake komi. In na ji duka, ni ka sanin abin da za mu kai ma ajidan da ƙahwahunmu, tun wani bai kai mai ba."

Ya ce to. Ya gyara zama, ya fara. Delu ta tilasta wa idonta ya tsaya a kan fuskarsa. Ta ga yana da hancin ubansa, ta ga wani ɗan tabo a gefen gira da ba ta san ranar da ya same shi ba, ta ga yana lumshe ido ɗaya in zai tuno abu. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuskar yau ta fara karanta ta, ba ta san yadda take yi in tana faɗin gaskiya ba, balle in tana ƙarya. Ta matso kaɗan, ta ce ya ɗaga murya, ya kuma dube ta in yana magana.